Wuƙaƙen Amaryarmu a Ushafa

Ana idar da sallar asuba muka bar Jikwoyi ranar Asabar ɗin nan da ta wuce, ni da ƙanwata. Ushafa muka nufa, can hanyar Bwari, inda aka kai 'yar yayarmu aure. Waɗanda suka ga hotunan bikin a shafina sun san yarinyar da nake nufi. Abin da hoto bai nuna muku ba shi ne marainiya ce. Yayarmu ta rasu tun yarinyar tana firamare, a hannuna ta ƙarasa girma. Ranar ce za ta fara girki a gidanta, kuma a al'adar gidan su angon ba girkin mutum biyu ake yi ba. Uwar miji ce take aiko da ɗanyen kaya da safe, bayan azahar kuma ta taho da 'yan uwanta mata su ci, su ga irin hannun da ɗansu ya auro. Duk satin yarinyar nan tana kirana a waya, magana ɗaya take maimaitawa: "Inna, don Allah ku zo da wuri. Kada wani abu ya lalace a ce don ba ni da uwa ne."

Ni dai atamfar aiki na sa da silifas. Ƙanwata kuwa ta fito cikin leshi, da gwaggwaro har yana taɓa rufin keke, ga dogayen farata na roba da aka liƙa mata tun biki. Na tambaye ta ko wani auren za a sake ɗaurawa ban sani ba. Ta ce dangin miji za mu gani, ba za ta je musu kamar mai tuyar awara ba. Na ƙyale ta, don na san idan na biye mata sai mu kai Bwari ba mu gama ba.

Keke ya sauke mu a Nyanya, muka nemi motar Dutse, ta nan Abuja da ke kan hanyar Bwari. Kuɗin mota kam ba a magana. Abin da a da yake kai mutum Kaduna ya dawo, yanzu bai fitar da shi daga Abuja ba. Kuma duk da haka mutum biyu ake cusawa a kujerar gaba. Ni aka haɗa da wani bawan Allah mai buhun garin kwaki a cinya, duk sanda direba zai canza giya sai ya ce in ɗaga ƙafa. Da yake Asabar ce kuma da sassafe, hawan Kugbo bai cushe ba, muka wuce manyan motoci suna ta nishi a gefe. Daga shataletalen AYA hanya ta buɗe. Nan ne mutum yake ganin Abujar da ake nunawa a talabijin, titi shimfiɗe, fitilu a jere, ciyawa a aske. Mu mutanen Jikwoyi ta taga muke gaisawa da ita mu wuce.

A Dutse muka karya. Wata mata tana tuyar ƙosai a bakin tasha, ga koko mai zafi da ya ji citta. Ƙosan yana da daɗi, sai dai ya rame. In ka ɗauki ɗaya sai ka duba ko rabinsa ya faɗi a mai. Ƙanwata ta kasa ɗauka da faratan nan nata, sai da mai ƙosai ta ba ta tsinke.

Daga nan muka kama hanyar Bwari, kuma gaskiya wurin yana da kyau da damina. Duwatsu ne manya a hagu da dama, duk sun yi kore, ga gonakin masara har bakin titi. Matan Gbagyi suna tafe da itace da doya a kafaɗa, don su ba sa ɗora kaya a ka. Matan Fulani kuma suna gangarowa da ƙoren nono zuwa kasuwa. A mararrabar Ushafa muka sauka muka hau babur. Tun kafin ka shiga gari za ka fara ganin tukwane a bakin hanya, randuna da tuluna da kaskon turare, wasu ja wasu baƙi. Na ƙudura a raina zan sayi randa in muna komawa, don ruwan randa ya fi mini na firij, balle mu da wuta sai ta ga dama.

Gidan haya ne, ɗaki da falo da kicin a can ciki. Mai gidan, wata dattijuwa Bagbagyiya, tana zaune a ɓangaren gaba, muka gaisa da ita muka wuce. Ango ya riga ya gudu wurin abokansa, kuma ya kyauta. Amarya ta tare mu a ƙofa, ta rungume ni. Kayan uwar miji sun riga mu isowa: doya manya-manya irin ta ƙasar nan, zakaru na gida an yanka an fige amma ba a daddatsa ba, ganda, agushi, alayyafo da kayan miya. Saƙon da ya biyo kayan shi ne sakwara da miyar agushi, sai farfesun kaza.

To, a nan sai na yi wa maza bayani, mata kam sun sani. A jeren amarya tsohon abu ba ya shiga ɗaki. Komai sai sabo, daga gado har tsintsiya, kuma komai sai mai ɗaukar ido, don dangin miji za su shigo su duba. Mu ne muka yi jeren nan da hannunmu. Wuƙaƙen kuwa ƙanwata ce ta samo su wurin wata mai sayar da kaya a waya. Saiti ne guda, a tsaye cikin wani gida na gilashi mai juyawa, bakinsu ruwan zinare, ƙotarsu fara mai zane kamar tayil. Ranar jere har layi mata suka yi suna hoto da su. Ni kaina na juya abin nan ya fi sau nawa ina cewa ma sha Allahu. A cikinmu duka, da masu jikoki da masu digiri, babu wadda ta ce a kawo albasa a gwada.

Amarya ta yi bismillah ta zaro ta farko, ta ɗora a kan tumatir. Tumatir ya lotsa. Ta danna, ya ƙara lotsawa. Ta ƙara ƙarfi, sai ya fashe ya watsa wa ƙanwata ruwa a leshi. Ƙanwata ta ce ai ba ta tumatir ba ce wannan, kowace wuƙa da aikinta, haka mai kayan ta ce. Ta zaɓo wata da kanta ta miƙa mini, ta ce ta nama ce. Na kama ganda na fara gogawa. Jama'a, na goga har kafaɗata ta amsa, gandar nan ko alama babu, sai ma wani ƙyalli da ta ƙara. Da na duba da kyau, ashe ruwan zinaren ne yake komawa jikinta.

Na ce a bar ganda, a kawo babbar a fara da doya, don ita ce mai cin lokaci. Babbar kam da ka gan ta ka ga ta sarauta. Na ɗaga na sara a tsakiyar doya, ta shiga, na ji daɗi. Na ja in fitar, sai ga ƙota a hannuna, ƙarfen yana can a cikin doya. Ashe ɗan guntun ƙarfe ne kamar ƙusa aka tura a cikin ƙotar aka liƙe da gam. Muka tsaya mu uku muna kallon doyar. Wata kuma da muka gwada a cinyar zakara, lanƙwashewa ta yi ta zauna a haka. Na ɗauki ɗaya na fita bakin dakali na wasa bakinta, zinaren ya tafi, kaifi bai zo ba.

Ƙanwata ta kira mai kayan, ta sa a sifika don mu zama shaida. Matar ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Haba Hajiya, ai saitin nan na kwalliya ne. Wa ya ce ku sari doya da shi? Duk kwastomomina ba wadda ta taɓa komplen." Na ce ai dole, tunda babu wadda ta taɓa yanka komai. Ta kashe wayarta.

Har nan dariya nake yi. Da na juya na ga amarya sai dariyar ta tsaya. Ta zauna a kan bokitin fenti da ta mayar kujera, ta haɗa kai da gwiwa, hawaye yana ɗiga a kan lallenta. Rana ta riga ta ɗaga, ba a fere doya ko ɗaya ba, zakaru suna kwance yadda aka kawo su. Ta ce, "Inna, shi ke nan. Za su ce ko wuƙa ba a koya mini riƙewa ba." Wallahi tausayinta ya kama ni, kuma na ji kunya, don yarinyar nan ta iya girki fiye da ni. Mu ne muka tura ta gidan miji hannu wofi muna guɗa.

Na tura ƙanwata shagon bakin layi. Ta dawo da reza da labarin cewa mai shago ya ce wuƙa sai kasuwa, kasuwa kuma kafin a je a dawo an yi azahar. Saura hanya ɗaya, aro. Duk macen da ke karanta wannan ta san nauyin abin. A ce amarya ko sati biyu ba ta yi ba, an ga danginta suna yawon aron wuƙa a maƙwabta, bayan duk unguwa ta ga motar kaya. Ƙanwata ta ce ita kam sai dai a yaga kazar da hannu. Na ce to ki zauna da mutuncinki, ni na tafi.

Na samu mai gidan a tsakar gidanta tana gyara bakin wata tukunya da ba a gasa ba. Na durƙusa na gaishe ta, na yi ta kewaye-kewaye, na yabi tukunya, na tambayi jikoki, sannan na sauke murya na faɗi abin da ya kawo ni. Ta ajiye tukunyar ta dube ni, ta ce da irin Hausarta ta Gbagyi:

"Amarya ba shi da wuƙa? Wannan kaya duka da mota ya kawo?"

Na ce akwai, Mama, sai dai ba sa yanka.

Ta yi dariya har da tafa cinya, amma dariya ce mai daɗi, ba ta wulaƙanci ba. Ta shiga ɗaki ta fito da wata aba. Da a hanya na gan ta, da ƙafa zan ture. Baƙa ce ƙirin, an naɗe ƙotar da robar tayar keke, tsakiyar bakin ya cinye ya shiga ciki saboda wasawa. Ta ce wani maƙeri ne ya ƙera wa mijinta da ƙarfen sifirin ɗin mota, tun kafin a kawo kwalta garin. Ta goga ta a gindin wata fasasshiyar randa, gaba da baya, ta miƙo mini. "Ka gama ka share shi, kada ka bar shi da ruwa. Kuma ka kula da yatsa, ba ya wasa." Na ɓoye ta a cikin mayafi na ratsa tsakar gida kamar wadda ta sato.

Ƙanwata na ganinta ta ce a'uzubillahi, wannan ai sai a yi wa mutum allurar tetanus kafin ya taɓa. Ban kula ta ba, na wanke na miƙa wa amarya. Ta ɗora a kan ganda, ganda ta rabu biyu ba gardama. Ta ɗago ta dube ni, ta sake yankawa. Sai ta share ido da bayan hannu ta gyara zama. Daga nan kicin ya koma kicin. Ɓawon doya yana sauka a tsaye siriri, gaɓoɓin zakara suna rabuwa da sara ɗaya, alayyafo ya yanku ƙanana. Matsalar kawai wuƙa ɗaya ce mu uku, sai jiran juna muke yi. Can na waiga na ga ƙanwata ta tuɓe gwaggwaro ta rataye a ƙofa, tana ɓalle faratan nan ɗaya bayan ɗaya tana zubawa a jaka. Ta karɓi wuƙar wai za ta yanka albasa kawai. Ba ta sake ta ba sai da na yi mata tsawa.

Muna cikin kirɓa turmin ƙarshe muka ji tsayuwar mota. Na yi wuf na cusa wuƙar aro a ƙarƙashin ɓawon doya a bokiti. Ƙanwata ta juya gidan gilashin, ta mayar da gurabun da babu komai wajen bango, ta tura gawarwakin wuƙaƙen a bayan tukunyar gas, ta mayar da gwaggwaro a karkace.

Uwar mijin doguwar mace ce mai gilashi, ba ta da yawan magana, irin mutanen da ba ka gane inda suka dosa. Ta zo da ƙannenta da wata aminiyarta. Amarya ta durƙusa ta gabatar da abinci, muka koma gefe muna kallon bakinsu. Babu abin da ya kai shirun dangin miji tsawo a lokacin da suke tauna. Sakwara ta yi laushi, babu gudaji, na sani don ni na duba. Aminiyar ce ta fara cewa a ƙaro mata miya, sai na yi hamdala a raina. Uwar miji ta cinye nata tas, ta wanke hannu, ta ce, "Madalla. Mu ga kicin ɗin."

Muka bi ta a baya. Ta dubi tukwane, ta dubi kwanuka, sai ta tsaya a gaban wuƙaƙe. Ta sa yatsa ɗaya ta juya abin a hankali, gurabun suka zagayo gaba kamar bakin da ya zubar da haƙora. Ta zaro ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira, ta shafa bakin da babban yatsa, ta mayar. Ta ce, "Da me kika datsa zakarun nan?"

Na buɗe baki zan yi ƙarya, kuma na riga na shirya mai kyau. Amarya ta riga ni. Ta sunkuya ta tona ɓawon doya, ta fito da baƙar wuƙar nan, ta riƙe ta da hannu biyu kanta a ƙasa. "Aro muka yi, Mama. Wurin tsohuwa mai gidan nan. Nawa ba sa yanka."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ƙanwata ta kama kallon silin. Uwar miji ta karɓi wuƙar ta juya ta, ta gwada kaifin, ta gyaɗa kai. Sannan ta buɗe jakarta ta hannu, jaka mai tsada, ta fito da wani abu a naɗe cikin tsumman atamfa. Ta warware. Wuƙa ce, kuma in har ana gasar muni, ta mai gida ba za ta zo ta ɗaya ba. Ƙotar katako ce da ta yi baƙi da maiƙon hannu, an ɗaure inda ta tsage da waya.

Ta ce, "Da safe na so in haɗo ta cikin doya. Sai na ce kada dangin amarya su ce na raina musu jere." Ta dube ni ta saman gilashi, na sunkuyar da kai. "Ni ma ranar da na fara girki, da ta maƙwabta na yi. Wannan uwar mijina ce ta ba ni washegari, da ita na ciyar da mijinki har ya girma." Ta kama hannun amarya ta danƙa mata. "Ki mayar wa mai abu abinta, 'yata. Kin iya girki, kuma kin iya faɗin gaskiya. Daga yau ba kya aro."

Yarinyar nan ta durƙushe a wurin ta fashe da kuka, uwar miji ta ɗago ta tana cewa ya isa, kada ki yanke ni. Ni ma na kasa riƙe nawa. Aminiyar ce ta cece mu, ta ce ita nata saitin yana nan cikin kwali tun aurenta, jikokinta ne suke wasan shago da shi. Aka kwashe da dariya, har ƙanwata, wadda ta je bayan tukunyar gas ta fito da ƙotar babbar ta nuna musu da kanta.

Da la'asar na goge wuƙar mai gida ta bushe ƙarau, na kai mata da malmalar sakwara da cinyar zakara. Ta duba wuƙar kafin ta dubi abincin. Randa kuwa ban saya ba, don mai babur ya ce ko ni ko ita.

Ruwa ya tare mu a Dutse, muka fake a rumfar mai gasa masara har ya tsagaita. Komowa ba ta yi sauƙin zuwa ba. Daga AYA zuwa Nyanya motoci sun tsaya cak, masu tallan gyaɗa da ruwan leda suna wuce mu a ƙafa suna dawowa. Ƙanwata ta yi barci a kafaɗata, da karyayyun wuƙaƙe a jaka, wai sai ta mayar wa mai su. Ana kiran magariba muka shiga Jikwoyi, ƙafafuna sun kumbura, hannuna yana warin albasa.

Abin da na taho da shi daga tafiyar nan, na farko na kasuwa ne. In za ku sayi wuƙa, ku bar kallon ƙyalli. Ku duba ko ƙarfen ya ratsa ƙotar har ƙarshe, ku ji nauyinta a hannu, ku tambaya ko tana karɓar wasawa, in da hali ku tafi da albasa a jaka. Masu shirin jere kuma, ku yi adonku, ban hana ba, amma ku sa guda ɗaya mummuna a ƙasan kwali.

Na biyun ya fi zauna mini a rai. Mu dangin uwa mun cika wa yarinyar nan ɗaki da abin da baƙi za su kalla. Abin da za ta riƙe a hannunta kullum safe da yamma, matar da muka kwana muna jin tsoro ce ta tuna da shi. Da na kira amarya in ce mun iso lafiya, na ji muryar uwar mijin a kusa tana cewa a gaishe ni. Ashe ba ta tafi ba, ta zauna taya ta wanke-wanke. Na ajiye waya na yi wa yayata addu'a, na ce mata ta kwanta da daɗi, 'yarta ta samu uwa a Ushafa.